Manaja, Wa Ke Kula Da Kai?

Karatu: Fitowa 18:1-27
Ayar haddacewa: Fitowa 18:18
Ƙarin karatu: 1 Sarakuna 19:1-18, Markus 6:30-32, 1 Korantiyawa 6:19-20

Saƙon wannan mako na waɗanda Allah ya ɗaga ne, ya sa mutane a ƙarƙashinsu: manajan banki, shugabar makaranta, babbar nas, daraktan ma'aikata, mai kamfani, mai shago da yaran shago, har da mu fastoci. In kai ba ka cikin waɗannan, kada ka tsallake shafin nan. Wataƙila mijinki ne, ko matarka, ko mahaifinka, ko kuwa matsayin da kake roƙon Allah ya kai ka.

Kwanakin baya na je asibiti gai da wani ɗan'uwa. Manaja ne a wurin aikinsa, mai aminci wajen zakka da baiko, ba a taɓa samun sa da cin amana ba. Ya faɗi ne a ofis da rana tsaka, aka kwaso shi, likita ya ce jininsa ya hau sosai har ya taɓa ɓarin jikinsa na hagu. Bayan mun yi addu'a, sai na tambaye shi yaushe rabonsa da awon jini. Ya yi shiru, ya ce, "Fasto, gaskiya ba zan iya tunawa ba." Matarsa da ke zaune a gefen gado ta ce, "Fasto, tambaye shi ranar da za a yi wa janaretan ofis sabis, zai faɗa maka har da ƙarfe nawa." Muka yi dariya, amma dariyar ba ta daɗe ba. Kafin mako ya zagayo an riga an sa wani ya riƙe kujerarsa, aiki ya ci gaba. A gida kuwa babu wanda aka sa ya riƙe kujerar uba.

Na fito daga asibitin nan da tambaya a zuciyata, ita ce nake miƙa maka yau. Kai ne ke kula da ma'aikata, da kuɗi, da motoci, da rahoton ƙarshen wata. To, wa ke kula da kai?

Abin da Yetro ya fara kawowa

Musa ya fi kowannenmu yawan jama'a. Fitowa 12:37 ta nuna maza kaɗai sun kai wajen 600,000, ban da mata da yara. Yana da shekara 80 lokacin da ya tsaya gaban Fir'auna. Ta hannunsa Allah ya raba teku, ya ba da manna, ya fito da ruwa daga dutse. In ana maganar shafewa, Musa shafaffe ne.

Amma ka lura da yadda sura ta 18 ta fara. Kafin Yetro, surukin Musa, ya buɗe baki ya ba da wata shawara, akwai abin da ya kawo. Ya kawo Ziffora matar Musa, da 'ya'yansa biyu, Gershom da Eliyezer. Musa ya riga ya mai da su gidan surukinsa, kuma duk manyan abubuwan da Yetro ya ji labarinsu sun faru iyalin suna can. Mutumin da ya fito da al'umma ɗungum daga bauta, sai da wani ya ɗauko masa iyalinsa ya kawo masa har jeji.

Ɗan'uwa, da yawa cikinmu mun sallami iyalinmu ba tare da sun bar gida ba. Wanda ke zaune a Mararaba ko Nyanya yana aiki a cikin Abuja ya san abin da nake faɗi. Ka fita tun da duhu don ka tsere wa cunkoson motoci, yara suna barci. Ka dawo da dare, yara sun yi barci. Ranar Asabar akwai taro ko biki, ranar Lahadi kuma sujada da taron kwamiti. Kuɗin makaranta ba ya latti, buhun shinkafa ba ya yankewa, amma ɗanka ya san muryarka ne a waya. Ina addu'a Allah ya aiko maka da Yetro kafin lokaci ya ƙure.

Daga safe har yamma

Kashegari Musa ya zauna yana yi wa mutane shari'a, jama'a suna tsaye kewaye da shi tun safe har yamma. Yetro ya zuba ido ya ga komai, sa'an nan ya tambayi Musa dalilin da ya sa yake zaune shi kaɗai. Amsar Musa ita ce amsar kowane manaja mai himma: mutane ne ke zuwa wurina, suna bukatata, kuma aikin Allah ne. Duk gaskiya ne. Duk da haka Yetro ya gaya masa kai tsaye cewa tsarin nan ba shi da kyau, zai gajiyar da kansa, ya gajiyar da jama'ar, domin kayan ya fi ƙarfin mutum ɗaya.

Ka lura, Yetro bai zargi Musa da zunubi ba. Babu sata a ciki, babu son kai, babu ragwanci. Aiki mai kyau ne ake yin sa ta hanyar da za ta kashe mai yin sa. Shaiɗan ya san akwai waɗanda ba zai iya kama su da giya ko zina ko cin hanci ba. Irin waɗannan sai ya bar su da aikinsu mai kyau, ya dinga ƙara musu kaya har su durƙushe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, gajiya kuwa tana tsaga bango. Mutumin da bai yi barci ba, shi ne mai saurin fushi da matarsa, shi ne mai yi wa ma'aikaci tsawa a kan abin da bai taka kara ya karya ba, shi ne kuma mai gyangyaɗi in ya durƙusa zai yi addu'a.

Abin da Yetro ya gani da ido, masana sun auna shi. A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da binciken da ya nuna mutum 745,000 sun mutu a 2016 ta dalilin shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya masu nasaba da doguwar awar aiki. Sun ce wanda ke aikin awa 55 ko fiye a mako, hatsarin shanyewar ɓarin jiki a gare shi ya ƙaru da kashi 35 cikin 100, na mutuwa ta ciwon zuciya kuma da kashi 17 cikin 100, in aka gwada shi da mai aikin awa 35 zuwa 40. Yi lissafi da kanka. In kana shiga ofis 7:30 na safe kana tashi 6:30 na yamma, Litinin zuwa Juma'a, ka riga ka cika awa 55, ba a ma ƙidaya Asabar da saƙonnin WhatsApp na tsakar dare ba.

Shawarar Yetro mai sauƙi ce. Musa ya riƙe abin da shi kaɗai zai iya: ya tsaya gaban Allah domin jama'a, ya koya musu hanya, ya yanke manyan shari'u. Sauran kuwa ya nemi mutane masu iyawa, masu tsoron Allah, amintattu, waɗanda ba sa karɓar rashawa, ya sa su bisa dubu-dubu, ɗari-ɗari, hamsin-hamsin da goma-goma. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Musa bai ce wa surukinsa ai ni ne na ga kurmi mai cin wuta ba, kai firist ɗin Madayana me ka sani. Ya saurara, ya aikata. Maimaitawar Shari'a 34:7 ta nuna ya kai shekara 120, idonsa garau, ƙarfinsa kuma yana nan.

Me ya hana ka raba aiki? Bincika zuciyarka a gaban Allah. Wani yana tsoron kada na ƙasa da shi ya ƙware ya ƙwace kujerarsa. Wani yana jin daɗin a ce in ba shi babu abin da zai tafi. Sunan na farko rashin bangaskiya, sunan na biyu girmankai, ko da yake dukansu suna sa rigar himma. Manzanni ma sun raba aiki a Ayyukan Manzanni 6, suka sa a zaɓi mutum 7 domin rabon abinci, su kuma suka duƙufa ga addu'a da Magana, ikilisiya kuwa ta ƙaru.

Jikinka amana ne

A ofis ka san ma'anar amana. Motar ma'aikata ba taka ba ce, shi ya sa ba ka barin ranar juyen baƙin mai ta wuce, domin ka san mai binciken kuɗi zai zo ya tambaya. To, 1 Korantiyawa 6:19-20 tana koya mana cewa jikin mai bi haikali ne na Ruhu Mai Tsarki, an saye shi da tamani mai tsada, wato jinin Yesu. Mun saba karanta ayoyin nan a kan fasikanci, kuma daidai ne, domin a kan haka Bulus yake magana. Amma in gida na wani ne, bai isa ka ce ba ka shigo da ƙazanta ciki ba. Mai gida zai tambaye ka kwanon da ke yoyo da bangon da ka bari ya zube.

Wasu sukan ɗauko 1 Timoti 4:8 su ce ai Bulus ya ce amfanin motsa jiki kaɗan ne. Sake karanta ayar. Bulus ya yarda horar da jiki yana da amfaninsa, sai dai ibada ta fi shi, domin tana amfani a wannan rayuwa da mai zuwa. Bai ce a yar da shi ba. Ka kuma tuna wa ke magana. Mutum ne mai sana'ar ɗinkin tanti da hannunsa, wanda a Ayyukan Manzanni 20:13 ya bar abokansa su shiga jirgin ruwa, shi ya bi ta ƙasa daga Taruwasa zuwa Asus. Ubangijinmu kansa masassaƙi ne, da ƙafa ya zaga Galili da Yahudiya, har ya gaji ya zauna a bakin rijiya a Samariya. Mutanen zamanin nan ba sa bukatar a ce musu su motsa jiki, rayuwarsu duka motsi ce. Kakanninmu ma haka suke, daga gona zuwa rafi zuwa kasuwa. Mu ne muka tashi daga gado zuwa kujerar mota, daga kujerar mota zuwa kujerar ofis, daga nan zuwa kujerar falo. Har tumbi ya fito mutane suna ce mana, "Oga, hutu ya karɓe ka." Ɗan'uwa, ba kowane tumbi ne shaidar albarka ba.

Bangaskiya ba ta gaba da awon jini

A nan dole in yi magana a fili, domin mu mutane ne masu gaskata warkarwa. Na gaskata Yesu yana warkarwa yau kamar jiya. Na ga ya yi, kuma zan ci gaba da ɗora hannu a kan marasa lafiya har ranar da zai kira ni gida. Amma akwai wata al'ada da ta shigo cikinmu wadda ba ta da tushe a Maganar Allah. Likita ya ce jininka ya hau, sai ka ce, "Ba rabona ba ne," ka jefa takardar a aljihun mota, ka ci gaba da yadda ka saba. Wani ma yakan daina shan magani ba da sanin likita ba, wai don kada a ce bangaskiyarsa ta gaza.

Ka tuna da Iblis ya kai Yesu kan ƙololuwar haikali ya ce ya yi tsalle, har ya kawo masa aya daga Zabura. Ubangiji ya ƙi, domin ba a gwada Allah. Ka kwana awa 4, ka cika ciki da gishiri da lemon kwalba, ka ƙi motsi, ka ƙi awo, sa'an nan ka ce mala'iku za su tare ka: wannan tsalle ne daga kan haikali. Allahn da ya ƙara wa sarki Hezekiya shekara 15, shi ne ya sa Ishaya ya ce a ɗora masa curin ɓaure a kan marurun. Bulus, wanda aka riƙa kai ƙyallayen da suka taɓa jikinsa ga marasa lafiya suna warkewa, ya yi tafiya da Luka likita, ya kuma ba Timoti shawara a kan ciwon cikinsa. Addu'a da magani duk daga hannu ɗaya suke fitowa.

Hawan jini yakan daɗe a jikin mutum ba tare da wata alama ba, shi ya sa ake ce masa mai kisan mummuƙe. Kana iya jin kanka garau alhali yana cin zuciya da ƙoda da jijiyoyin ƙwaƙwalwa. In awo ya nuna 140 bisa 90 ko sama da haka a ranaku daban-daban, hawan jini ke nan, sai a ga likita. Awon ba ya cin minti 5. Ku kuma riƙe wannan, ku koya wa na gida da na ofis: in ka ga bakin mutum ya karkace farat ɗaya, ko hannu ɗaya ya saki, ko maganarsa ta sarƙe, a garzaya da shi asibiti nan take. A yi addu'a a cikin mota, kada a tsaya jiran fasto ya zo. Mai ciwon suga ko mai shan maganin hawan jini kuma ya yi shawara da likitansa kafin ya shiga dogon azumi. Allah ba ya neman gawarka a matsayin hadaya, hadaya rayayya yake nema.

Abin da Allah ya fara ba Iliya

Dubi Iliya a 1 Sarakuna 19. Ya kira wuta daga sama a Dutsen Karmel, ya yi addu'a ruwa ya sauko bayan shekaru na fari, ya yi gudu a gaban karusar Ahab har Yezreyel. Saƙo ɗaya daga Yezebel ya sa ya tsere, ya shiga jeji tafiyar yini guda, ya zauna a gindin wani itace yana roƙon mutuwa. Babban annabi ke nan, bayan babbar nasara.

Me Allah ya yi? Bai tsauta masa ba, bai kuma aza masa azumi a wurin ba. Ya bar shi ya yi barci. Mala'ika ya tashe shi ya ba shi waina da ruwa, ya ci, ya sake kwanciya. Aka sake tashe shi ya ci. Bayan haka ne ya yi tafiya zuwa Horeb inda ya ji muryar Allah. A can ma Allah ya gyara masa lissafi, ya nuna masa akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba, ya kuma aike shi ya shafe Elisha wanda zai gaje shi. Barci, abinci, Magana, da mataimaki: haka Allah ya yi jinyar bawansa da ya gaji.

Wani lokaci abin da kake kira harin maƙiya, har kana neman a yi maka addu'ar kuɓutarwa, rashin barci ne na wata shida. Ban ce babu yaƙin ruhaniya ba, akwai shi ƙwarai. Amma soja mai gyangyaɗi ba ya riƙe takobi da kyau. Babban mutum yana bukatar barcin awa 7 ko fiye a dare. Zabura 127 ta nuna barci kyauta ce daga Allah ga ƙaunatattunsa, kuma sammako da yin dare cikin fargaba ba su ne ke gina gida ba. In ka kwanta ka kashe waya, kana shaida ne cewa Allah zai iya riƙe duniya da ofishinka har gari ya waye ba da taimakonka ba. A Markus 6, da almajirai suka dawo daga aiki, mutane suna ta kai da kawowa har ba su sami zarafin cin abinci ba, Yesu da kansa ya janye su zuwa wurin da ba kowa domin su huta.

Gida shi ne reshe na farko

Bulus ya gaya wa Timoti cewa wanda zai shugabanci ikilisiya sai an fara duba yadda yake riƙe da gidansa. Eli firist ne, ya yi wa Isra'ila shari'a shekara 40, amma 'ya'yansa suka zama abin kunya a Shilo. Sama'ila annabi ne mai aminci, yana zaga garuruwa kowace shekara yana shari'a, amma 'ya'yansa suka bi cin hanci, har jama'a suka kafa hujja da su suka nemi sarki. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ba a tanƙwara shi ta waya. Ranar da za ka yi ritaya za a yi maka liyafa, a ba ka agogon bango da lambar yabo, ka koma wurin mutanen da ka yi shekara 30 kana ce musu, "Bari in gama wannan tukuna."

'Yar'uwa, ke da ke shugabancin ma'aikata, na san kayanki biyu ne. Ki tashi daga ofis ki shiga madafa, ki duba aikin makarantar yara, ga taron zumuntar mata yana jiran ki. Macen kirki ta Karin Magana 31 tana da ƙarfin jiki da na hannu, amma tana da masu taimako da take raba wa aiki. Neman taimako ba ya rage miki daraja. Ku kuma maza, in matarka ta dawo daga aiki a gajiye kamar yadda ka dawo, ba abin kunya ba ne ka yi wa yaro wanka ko ka ɗora ruwa a wuta. Ubangijinka ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa.

Mu ma a ikilisiya muna da laifi, kuma ni ne na farko da zan amsa. Da mun ga ɗan'uwa ya sami ƙarin girma a wurin aiki, sai mu sa shi shugaban kwamitin gini, da na bikin godiya, da ma'ajin maza, sa'an nan mu sa ran ganin sa a kowace addu'ar dare. In ya ce ba zai iya ba, mu ce ya yi sanyi a ruhu. Ubangiji ya gafarta mana. Ɗan'uwa, ka riƙe hidima ɗaya ko biyu da Ruhu Mai Tsarki ya sa a zuciyarka, ka yi su da dukan ƙarfinka, sauran ka bar wa waɗanda ke zaune a benci suna jiran a ba su dama.

Ka kuma tuna da na ƙasa da kai. Dokar hutu a Maimaitawar Shari'a 5:14 ta haɗa da bawa da baiwa, har da sa da jaki. Direbanka yana da mata da 'ya'ya. In ka riƙe akawu har 9 na dare don kawai kai ba ka tashi ba, ka sallami nasa iyalin kamar yadda ka sallami naka. Manaja Kirista ya kamata a san shi da cewa mutanensa suna zuwa hutunsu na shekara, suna kuma komawa gida kan lokaci.

Abin da za ka fara a wannan mako

Ji kawai ba ya isa, sai da aikatawa. Ga matakai, kuma sannu ba ta hana zuwa.

1. Je ka auna jininka da sugan jikinka kafin Lahadi mai zuwa. Rubuta sakamakon a bayan littafin nan. In likita ya ba ka magani, ka sa masa albarka ka sha yadda aka ce.

2. Fara tafiya da ƙafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babban mutum ya sami aƙalla minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, da kwana 2 na aikin ƙarfafa tsoka. Minti 30 sau 5 a mako ya ba ka 150. Ba sai ka biya kuɗin gidan motsa jiki ba. Ka yi sauri yadda za ka iya magana amma ba za ka iya rera waƙar yabo ba. In minti 30 ya yi maka yawa, fara da 10. In kana da ciwon zuciya ko kana jin ciwon ƙirji, fara ganin likita.

3. Haɗa tafiyar da abin da ka ce ba ka da lokacinsa. Kwana uku ka yi ta kai kaɗai kana addu'a cikin Ruhu, kwana biyu ka fita da matarka ko mijinki ko ɗaya daga cikin yara, a bar waya a gida.

4. A ofis, tashi tsaye kowace awa. Hau matakala da ƙafa. Maimakon ka aika masinja, taka ka je da kanka.

5. Gyara kwanonka. Gishirin da ya kamata ka ci a yini bai kai giram 5 ba, wato wajen ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma dunƙulen miya ma gishiri ne. Rage lemon kwalba da sukarin shayi da tuwo mai nauyi da tsakar dare. Allah ya ba mu zogale, rama, alayyafo, wake, acca da gwate, ba sai mun nemo na ƙasar waje ba.

6. Rubuta ayyuka uku da kake yi waɗanda wani zai iya, ka miƙa su a wannan wata. Ka koya masa, ka yarda zai yi kuskure da farko kamar yadda kai ma ka yi.

7. Sa iyaka. Zaɓi lokacin da za ka ajiye wayar aiki da dare, ka sanar da mutanenka. Ku ci abinci tare a gida aƙalla sau uku a mako, ku yi sujadar iyali ko ta minti 10 ce. Ka keɓe yini ɗaya na hutu. Wanda ya ba Isra'ila manna ninki biyu a rana ta shida ya san yadda zai cike maka gurbin.

8. Nemi Yetro naka: mutum ɗaya da ka ba izini ya gaya maka gaskiya ba tare da tsoron muƙaminka ba.

Na san wani zai ce, "Fasto, ba ka san wurin aikinmu ba, in na rage gudu za a kore ni." Na ji ka, kuma akwai lokutan da aiki kan matse, kamar ƙarshen wata ko ƙarshen shekara. Manomi ma ba ya hutawa da damina kamar da rani. Amma in daminarka ta shekara 10 ba ta ɗauke ba, ka kai maganar gaban Ubangiji, ka kuma nemi hikimar yin magana da na sama da kai kamar yadda Daniyel ya yi a Babila a kan abincinsa. Ɗaukaka daga wurin Allah take zuwa. Kalibu yana da shekara 85 ya ce a ba shi ƙasar tuddai ya ci ta da yaƙi, domin ƙarfinsa yana nan. Akwai tuddan da Allah ya ajiye maka a gaba, yana so ka isa wurin da ƙafafunka.

Ɗan'uwan nan da na gaya muku yana samun sauƙi, muna yi wa Allah godiya. Yanzu kowace yamma yana takawa a hankali a unguwarsu, ɗansa na riƙe da hannunsa na hagu. Ya ce mini, "Fasto, ka gaya wa 'yan'uwa kada su jira sai an kwantar da su." Na isar da saƙo.

Tambayoyi domin bimbini

Wa na sallama daga rayuwata saboda aiki? Wane kaya nake ɗauke da shi wanda Allah bai aza mini ba? Wane gargaɗi jikina ko iyalina suka yi mini na yi kunnen ƙashi?

Addu'a

Ya Uba na sama, na gode maka domin matsayin da ka ba ni. Na tuba da yadda na wulakanta haikalinka, na kuma bar iyalina a baya. Ka gafarta mini girmankai da tsoron da suka hana ni raba aiki. Ya Ruhu Mai Tsarki, ka ba ni kamunkai a wajen ci da barci da aiki. Ka warkar da duk abin da ya lalace a jikina da gidana. Na tsauta wa mutuwar gaggawa da kowane shiri na maƙiyi a kan raina. Ka aiko mini da masu faɗa mini gaskiya, ka ba ni kunnen ji. Cikin sunan Yesu na roƙa. Amin.

Furcin bangaskiya

Jikina na Ubangiji ne, zan kula da shi. Gidana amana ne, ba zan sake shi ba. Zan yi aiki da aminci, in huta da bangaskiya. Zan ga 'ya'yan 'ya'yana, in gama tserena da ƙarfi, cikin sunan Yesu. Amin.